Yadda Sajan Ilu Ya Buɗe Bakin Malam

Da sunan Allah. Ni ce Dudu, matar Malam Hammadu dillalin shanu, a Lokuwa muke zaune. Matan da muke haɗuwa a layin asibiti sun dame ni da tambayar yadda aka yi Malam ya dawo da magana. Na gaji da maimaitawa a kan benci, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya. Amma kafin labarin littafin, ku fara jin wautar da muka yi, don ita ce za ta fi yi muku amfani.

Malam yana da hawan jini. An ba shi ƙwaya aka ce ya riƙa sha kullum. Ya sha wata biyu, ya ji garau, ya ce shi ba zai zama bawan ƙwaya ba. Ni ma ban matsa masa ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ranar da abin ya same shi da safe ne, yana shan kunun gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na ji kofi ya faɗi. Ban ko juya ba na ce, "Malam, hannunka ya riga ka tsufa ne?" Shiru. Mutumin da ko akuya ta yi atishawa sai ya tanka mata. Da na waiga na ga bakinsa ya ja gefe ɗaya, kunu yana zuba ta nan, hannunsa na dama ya sauka kamar igiya. Yana ta son ya ce wani abu, amma abin da ke fitowa ba magana ba ce.

Da keke mai ƙafa uku na tare a lokacin nan muka nufi asibiti, da labarin nan bai yi tsawo ba. Sai na aika Mugulbu aka kira ƙanwarsa Mairo. Ta zo ta dube shi ta ce, "Adda, wannan ba na asibiti ba ne. Iska ce ta buge shi, kin san tike, kasuwar shanun nan tasu, cike take da masu baƙin ciki. In kika bari aka yi masa allura, shi ke nan kin kashe Hamma." Aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, aka kawo wani mai mai warin tsohuwar fata aka shafe shi da shi. Kwana biyu muna wannan. Ban raina rubutu ba, har yau ina sha. Amma rubutu ba ya hana a shiga keke. Sai da ɗanmu Umaru ya taso daga Yola, ya shigo ko gaisuwa bai gama ba, ya ɗauki ubansa a kafaɗa.

A asibiti sai da muka yi layin kati, muka yi layin awo, mutum yana kwance a kan benci kansa a cinyata. Likitar da ta gan shi yarinya ce, ba ta kai 'yata ta biyu ba. Ta ɗaga hannunsa ta saki, ya faɗi. Ta tambaye ni yaushe ya fara, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mama, shanyewar ɓarin jiki awa ake ƙirga mata, ba kwana ba." Maganar nan har yau tana cikin kunnena. Ku ma ku riƙe ta.

Satin farko ban san dare ya bambanta da rana ba. Ƙarin ruwa, allura, koko da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Komai sai an rubuta a takarda ka fita waje ka sayo, har safar hannun da za a taɓa majinyacinka da ita. Ruwan famfo yana zuwa lokacin da ya ga dama. Akwai wata nas da in ka kira ta sai ka ce bashinta ka ci, na bar ta da Allah. Akwai wata kuma, gajeriya mai tabarau, ita ta koya mini yadda zan riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ta kama kafaɗa na kama ƙugu, tana cewa, "Baba, yi haƙuri, za mu juya ka kamar masa." Allah ya ba ta miji nagari, in tana da shi Allah ya ƙara masa hankali.

A sati na biyu ƙafar ta fara motsi. Likita ta ce harshen ma zai iya dawowa, amma sai an sa shi aiki, kullum, ko da kalma ɗaya ce. Malam ya fara gwadawa. Yana cewa "ruwa" ta fito wani iri, ni dai ina ganewa.

Sai mutanen tike suka zo dubiya. Tike ita ce kasuwar shanu, can Malam ya yi shekara arba'in. A cikinsu akwai Alhaji Modu, Babarbare, amininsa tun suna samari. Kun san Barebari da Fulani, ba sa gaisawa sai da tsiya. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin Alhaji Modu ya kira Malam da wani suna ba sai "bawana." Ranar nan ya tsaya a bakin gado ya rage murya ya ce, "Sannu Malam Hammadu, ya jiki?" Ya miƙa hannu. Hannun Malam bai tashi ba. Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta kakare, yawu ya zubo masa a riga. Wani a bayansu ya ce, a hankali a ganinsa, "Allah sarki, bakin da ya sayar da shanu dubu."

Malam ya ji. Ya juya fuska bango.

Ku gane, dillali ba shi da saniya ko ɗaya. Jarinsa baki ne da hannun dama. Da baki yake sasanta mai saye da mai sayarwa, da hannu yake ƙulla ciniki. Duka biyun aka karɓe masa a safiya ɗaya, kuma abokan sana'arsa suka gani. Daga ranar nan ya rufe bakinsa. Ko "ruwa" ya daina cewa, sai ya nuna da ido. Likita ta lallashe shi, Umaru ya roƙe shi, ni na yi masa masifa. Bango kawai yake kallo. Likita ta ja ni gefe ta ce in ya daɗe a haka, harshen zai saba da kwanciya.

A gadon kusa da mu akwai wani tsohon hedimasta mai ciwon ƙoda, matarsa Mama Saratu ke jinyarsa. Mun saba, ina tsare mata kaya in za ta coci, tana tsare mini in zan yi salla. Ranar da aka tura su Yola tana haɗa kaya ta miƙo mini wani littafi. Bangonsa ya cire gaba da baya, saboda haka ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Ta ce, "Goggo, na ga kina karanta takardar magani. Riƙe wannan, zaman jinya yana da tsawo."

Ni karatun boko na koya ne bayan na wuce sittin, a ajin manya na unguwarmu, don na gaji da kai wa mutane wayata su karanta mini sirrina. Amma ban taɓa gama littafi ba. Da yatsa nake bi, kuma ba na iya karatu a zuci, sai bakina ya faɗa kunnena ya ji. To haka na fara, bayan azahar, a kan tabarma kusa da gadon Malam. Don kaina nake yi, ba don shi ba.

Labarin kisan kai ne. An wayi gari an tarar da gawar wani mai injin niƙa a cikin shagonsa. Aka ba wani ɗan sanda binciken, Sajan Ilu. Na ɗauka zan ji harbe-harbe da gudu da mota. Ina. Sajan Ilu tsoho ne mai gyambon ciki, yana yawo da ruwan kanwa a kwalbar lemo. Yaran da ya koya wa aiki duk sun zama manyansa. Matarsa ta yi yaji ta tafi gidansu, shi kuma girman kai ya hana shi biko, amma kullum sai ya share mata ɗaki. Akwai Lantana mai abinci a ƙofar injin, bazawara, bakinta kamar reza, ta taɓa zagin mamacin a gaban jama'a. Akwai Sale ƙanen mamacin, wanda ya fi kowa kuka ranar jana'iza, washegari kuma aka gan shi yana auna shagon da ƙafa. Sai Baba Tanko maigadi, tsoho mai ban dariya, kullum da rana yana dafa wake a gwangwani, yana kiran Sajan su ci tare, yana yi masa faɗa a kan ya je ya dawo da matarsa.

Kwana uku ina karatu Malam yana ba ni baya. A rana ta huɗu na zo daidai inda Sajan ya shiga rumfar Lantana zai yi mata tambayoyi, maƙogwarona ya bushe, na rufe littafin. Sai na ji ƙwanƙwasa. Ƙwan, ƙwan. Malam ne yake buga ƙarfen gado da zoben hannunsa na hagu. Fuskarsa tana bango.

Na ce, "Ruwa?" Shiru. "Fitsari?" Shiru. Na buɗe littafin na ci gaba, bugun ya tsaya.

A sati na uku aka sallame mu, aka ce mu riƙa zuwa gashi sau biyu a sati, inda ake motsa masa hannu da ƙafa. Muka dawo gida da ƙwayoyi da sanda da littafi. Karatuna ba sauri, shafi uku ko huɗu a yini, wani lokaci kalma ta tsaya mini a wuya sai na sassara ta gaɓa-gaɓa. Ina yi wa kowa muryarsa. Lantana da ƙarfi, Sale da hanci, Baba Tanko kuma da rawar murya irin ta marasa haƙori. In na yi ta Baba Tanko, ina ganin kafaɗar Malam tana motsi.

Wata rana na gama wani babi na ajiye na ce, da kaina nake magana, "Ai ba sai an wahalar da mutane ba. Lantana ce. Mai bakin nan za ta iya komai."

"A'a."

Malam ne. Kwana goma sha shida rabon da in ji sautinsa. Na so in yi guɗa. Amma ni matar dillali ce, na san in kana son saniya ba ka nuna kana so. Na ci gaba da kaɗe tabarma na ce, "Ita ce mana."

"A'a."

"To me ya sa ta zage shi?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Na kawar da kai don kada ya ga ina kallon bakin. Can ya ce, "Baki... kawai." Ya huta. Ya ƙara, "Kamar... ke."

Na ce, "Lallai ka samu sauƙi, tunda ka fara rashin kunya." Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi kukana na wanke fuska na fito.

Daga nan na samu sana'a. Kullum sai na ɗora wa wani laifin, da gangan, kuma in zaɓi hujjar da ta fi kowace wauta. Malam ba ya iya jure a yi wa mutum mummunar fahimta a gabansa. Na ce Sale ne, tunda ya fi kowa kuka. Ya ce, "Kwaɗayi... ba kisa ba." Na ce Sajan ragon namiji ne, ya je ya yi biko mana. Nan ya yi mini magana har guda biyar a jere, yana kare mutumin da babu shi a duniya. Da muka koma asibiti likita ta tambaye shi sunansa, ya yi shiru, amma na faɗa mata abin da ake ciki. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ko me kike ba shi, kada ki rage."

Mairo ba ta so ba. Ta ce, "Adda, mutum yana kwance tsakanin rai da mutuwa, ke kina karanta masa kashe-kashe? Ina laifin Ƙur'ani?" Na ce mata Ƙur'ani yana nan da asuba da magariba, ba a fasa ba, wannan na bayan azahar ne. Ta tafi tana gunaguni. Sati bai cika ba ta fara zuwa tsince mana wake daidai bayan azahar, a daidai ƙofar ɗakin. Ran nan na ji ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Wai har yanzu matar Sajan ɗin ba ta dawo ba?"

Abu ɗaya bai canja ba. Ni kaɗai yake yi wa magana. Da ya ji sallamar namiji a ƙofar gida zai juya bango. Alhaji Modu bai fasa zuwa ba, duk Juma'a bayan masallaci, ya zauna ya yi ta "sannu, sannu" da bayan Malam, ya ajiye lemo da ayaba ya tafi.

A sati na shida na yi ɓarnar da ta kusa rushe komai.

Ranar gashi ce. An shiga da shi ciki, ba a barin mata su bi, layi kuma ya yi tsawo, na san za a daɗe. Littafin yana cikin jakata. Saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu mu gama, kuma da irin tafiyata wannan kwana goma ne. Zuciyata ta ce, Dudu, leƙa kaɗan, wa zai sani? Na buɗe wajen ƙarshe, ina bi da yatsa ina raɗa, har na iske wurin.

Baba Tanko ne.

'Yarsa ɗaya tak, tana aikin tankaɗe a injin. Bel ɗin injin ba shi da murfi, an yi ta faɗa wa mai injin ya sa, yana cewa gobe. Ran nan ya kama mata zane ya ja ta. Bayan an binne ta mai injin ya aiko wa uban da buhun masara, ya ce a yi haƙuri. Tsohon ya karɓa, ya yi godiya, ya ci gaba da gadi shekara biyu, yana dafa wakensa yana ba mutane dariya.

Na rufe littafin, ban iya ƙarasa sauran ba. Hawaye suna zuba. Matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Haƙuri Goggo, zai warke in Allah ya so." Na ce amin, me zan ce mata?

Da azahar na zauna karatu kamar kullum. Muka zo inda Baba Tanko yake tsokanar Sajan a kan takalminsa da ya yage. Na ɗauko muryar marasa haƙorin, ta ƙi zuwa. Na karanta layi biyu. Malam ya ɗaga hannun hagu.

"Kin... leƙa."

Na ce, "Leƙa me? Mura ce take son kama ni."

Ya dube ni. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gane wanda ya riga ya ji farashi a wani wuri kafin ya zo wurinsa, shi na tsaya yi wa ƙarya. Ya juya bango, irin juyawar da yake yi wa baƙi.

Kwana uku. Na buɗe littafi, ya ja bargo ya rufe kai. Na ce Sale ne, na ce Lantana ce, ko motsi. Abinci cokali biyu ya kawar da baki. Ranar gashi ta zo ya ƙi tashi, mai keke ya gaji da jira ya tafi. Na tuna maganar likita cewa harshe yana sabawa da kwanciya. Na ce shi ke nan, Dudu, abin da ciwo ya bari ke kin ƙarasa, saboda rashin haƙurin shafi talatin.

A rana ta huɗu na ja kujera na zauna ta wajen bangon, na matse tsakaninsa da gado, yadda ba shi da inda zai kai ido sai kaina. Na ce, "Na leƙa. Na kuma yi maka ƙarya. Na yi laifi biyu. In kana so in faɗa maka ko wane ne mu huta, in faɗa."

Ya ce, "Tanko."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Bayanin da ya yi mini ya ɗauke shi tun daga azahar har aka kira la'asar, kalma ɗaya ɗaya, yana hutawa, ina share masa baki. Ba zan rubuta shi yadda ya fito ba. Ya ce a tike, in aka sayar da saniya aka ja ta, mai ita sai ya waiwaya ya dube ta, ko da sau ɗaya, ko shi wane ne. Wanda bai waiwaya ba, a binciki inda ya samo ta. Ya ce a littafin nan kowa ya tambayi Sajan, wa ya kashe shi, an gano? Lantana ta tambaya, Sale ya tambaya, har mai shayi. Baba Tanko kaɗai bai taɓa tambaya ba. Shi dai kullum, ka ci abinci? Ya ce tun muna asibiti ya gane.

Na ce, "To tunda ka sani, me kake jira duk kwanakin nan?"

"Ilu," ya ce. "Ya ci... wakensa. Zai... iya... kama shi?"

Ni ina ta neman wanda ya yi kisa, shi kuwa tuntuni yana zaune da mutum biyu masu cin abinci a gwangwani ɗaya, yana jin tsoron ranar da ɗaya zai gane.

Ya ƙara kalma ɗaya, ya nuna ni ya nuna kansa. "Tare." Wato abin da ya ɓata masa rai ke nan. Na tafi na bar shi a hanya, shi da ba ya iya bi na.

Na ce, "Babin ƙarshe ban karanta ba. Wallahi ban san abin da Sajan ya yi ba." Ya ƙura mini ido kamar yana duba haƙoran bijimi. Sannan ya buga ƙarfen gado. Na ɗauko littafin.

Kafin in faɗi na ƙarshe bari in sallami masu haƙƙi. Likitar nan da nas mai tabarau da mai yi masa gashi, wanda Malam ya harara ya fi sau ɗari, Allah ya biya ku. Umaru, Allah ya ba ka masu ɗaukar ka. Mairo, na yafe, ke ma ki yafe abin da na faɗa miki a bakin rijiya. Malam yanzu yana tafiya da sanda, hannun dama bai dawo ba, da hagu yake ci kuma malamai sun ce babu laifi. Ƙwayarsa ni ke ba shi, ina tsaye sai ya haɗiye. Duk wadda ta ga bakin mutuminta ya karkace ko hannu ya saki, ta tari keke tukuna, ta kira dangi daga can.

Babin ƙarshe ya faɗo ranar Juma'a. Mun fara ke nan sai ga sallamar Alhaji Modu, shi da dillalai biyu. Malam ya juya bango. Ni kuwa na riga na yi alkawarin ba zan sake raba shi da labarin nan ba. Na ce, "Alhaji, ku zauna ko ku dawo anjima, ni dai ba zan tsaya ba." Suka zauna a tabarma suna kallon juna. Na ba su labarin a taƙaice, wane ne Sajan, wane ne Tanko, me ya faru da 'yarsa. Na ci gaba.

Sajan Ilu ya gano. Ya kwana biyu bai je ofis ba. A rana ta uku ya tafi wurin injin da tsakar rana, ba mota, ba ankwa. Baba Tanko yana sauke wake. Ya ce, zauna. Suka ci, Sajan yana ci cikinsa yana ciwo, har suka sharce gwangwanin. Tsohon ya wanke gwangwanin ya kife, ya naɗe tabarmarsa ya saƙala a hammata, ya ce, mu je kafin rana ta yi sanyi. Suka bi ta cikin kasuwa kafaɗa da kafaɗa, mutane suna gaishe su. Nan littafin ya ƙare.

Alhaji Modu ya gyara hula ya ce, "Wannan ɗan sanda munafuki ne. Ka ci abincin mutum sannan ka kai shi a rataye? In kama shi za ka yi, kama shi da yunwarka. Ko ba haka ba?" Dillalan suka ce haka ne.

Gado ya yi ƙara. Malam ya dafa da hannun hagu ya juyo, ya fuskance su da karkataccen bakinsa.

"Babarbare," ya ce, "ba ya... gane... mutum."

Na ga idon Alhaji Modu ya kawo ruwa, na ce a raina, in ka ce sannu sai na kore ka da muciya. Ya haɗiye. Ya ce, "Ji bawana. Kai da ka kwana biyu kana gadin bango, yau kai za ka koya mini mutane?"

"In bai... ci ba," Malam ya ce, "Tanko... zai tafi... a ɓarawo. Ya ci... don ya tafi... a aboki."

"Abokin da ya kai ka gidan yari? Allah ya raba ni da abotar Fulani."

"Kai... da guduwa... za ka yi... da gwangwanin."

Dillalan suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce ai da Sajan ya ƙyale shi, ɗayan ya ce to jinin mamacin fa, Malam ya ɗaga hannu yana neman a ba shi fili kamar yadda yake yi a tsakiyar ciniki. Garin sauri yawu ya zubo masa. Na miƙa hannu da ƙyalle. Alhaji Modu ya karɓe shi daga hannuna, ko kallona bai yi ba, ya share wa Malam haɓa yana cewa, "Ƙarasa maganarka, ina jin ka, ƙarya ce dai amma ƙarasa."

Na fita na bar su. Na shiga madafa na ƙara ruwan tuwo, don na ga ba yanzu za su tashi ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, masu jinya kuma ya ba su haƙurin da ni ban yi ba.